Me Ya Sami Yaron Nan?

Ko kana cikin rumfa, ko kana bakin tebur, ko kina gindin murhu kina tuyar ƙosai, a kasa kunne kaɗan, gama zancenmu na yau ya shafi kowane gida.

Bari mu ɗauki misali. A ce ga wani mai sayar da yadi a babbar kasuwa. Yana da ɗa, shekararsa 15. Bara waccan, in an aiki yaron nan, da gudu ya ke zuwa, da gudu ya ke komowa. In baƙo ya zo rumfa, ya durƙusa ya gaishe shi. Yanzu fa? Da safe sai an yi ta bugun ƙofa kafin ya tashi. In an ce ga yadda za a jera kaya, sai ya ce don me. Ya kan daɗe gaban madubi. Da yamma ba ka samunsa sai a fada, inda samari ke dafa shayi har tsakar dare. Ran nan kuma aka kawo shi da gwiwa a ɗaure, wai tseren babur suka yi. Uban ya ce, "Wannan ba ɗana ba ne, an musanya mini shi. Ko dai asiri aka yi masa, ko kuwa ya lalace. In bai shiga taitayinsa ba, korarsa zan yi."

Ga kuma wata mai abinci a tasha. 'Yarta tana da shekara 13. Da, yarinya ce mai fara'a, ba ta gajiya da surutu. Yanzu magana kaɗan sai kuka. Ta ƙi fita talla, wai kowa yana kallonta.

Me ya sami yaran nan? Amsar tana da nauyi, gama uban da ya ɗauka ɗansa ya lalace ya kan kore shi daidai lokacin da yaron ya fi bukatarsa. A ƙasar Nijar kusan rabin jama'a ba su kai shekara 15 ba. Watau rabin ƙasar suna kan hanyar shiga wannan zango, mu ne kuwa za mu tarbe su.

JIKI NE KE FARA TAFIYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar wannan lokaci daga shekara 10 zuwa 19. Farkonsa balaga ce. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba. In lokaci ya yi, sai ta saki waɗansu sinadarai cikin jini, likitoci suna ce da su homon. Kamar 'yan aike su ke, suna bin jiki suna cewa, "A tashi, girma ya zo." Ga 'yan mata abin ya kan fara tsakanin shekara 8 da 13, ga yara maza kuwa tsakanin 9 da 14. Shi ya sa za ka ga yarinya ta kere sa'anta namiji tsawo, sa'an nan bayan shekara biyu ya zo ya wuce ta.

Cikin shekara guda yaro namiji ya kan iya ƙara tsawon santimita 10. Tafin hannu da ƙafa su ke fara girma kafin sauran jiki. Don haka in ya yi tuntuɓe da kwanon awo, ko ya zubar da mai, ba kullum ne sakarci ba. Jikin ne bai saba da shi ba tukuna, kamar wanda aka ba sabuwar babbar riga. Muryarsa ta fashe, ƙuraje su fito masa a fuska, ci ya ƙaru. Yarinya kuwa ƙirjinta ya fito, ta fara ganin al'ada. In ba wanda ya gaya mata tun da wuri, ta kan firgita, ta ɓoye, ta ɗauka ciwo ne ko laifi. Wannan aikin uwa ne, ko inna, ko yaya, kada a bar shi ga ƙawaye.

Amma ku lura da abu guda. Jiki ya kan riga hankali isa. Gemu ya tsiro, ƙirji ya cika, mutane su ce ai ya girma, ai ta isa. Ga shi kuwa akwai sauran aiki mai yawa, cikin ƙashi da cikin kai. Yarinyar da ta ɗauki ciki ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga hatsarin doguwar naƙuda, doguwar naƙuda kuwa ita ce babbar hanyar yoyon fitsari.

AIKIN DA BA A GANI

Tun yaro yana shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai wajen kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. Saboda haka da can masana da yawa suna tsammani aikinta ya kusa ƙarewa tun a ƙuruciya. A shekarar 1999 wani likita a Amurka, Jay Giedd, shi da abokan aikinsa, suka bayyana abin da suka gani. Sun riƙa ɗaukar hoton cikin kan yara da samari da wata na'ura, su bari wajen shekara biyu, su sake ɗauka. Ashe ƙwaƙwalwa tana ta sakewa dukan shekarun samartaka.

Yaya ta ke sakewa? Ku tuna da hanyoyin ƙauye masu zuwa kasuwa. A kan yaro ƙarami, hanyoyin suna da yawa ƙwarai, amma duk 'yan sirara ne. Sa'ad da samartaka ta zo, hanyar da a ke bi kullum ta kan faɗaɗa, wadda aka daina bi kuwa ciyawa ta rufe ta. Sa'an nan a kan lulluɓe manyan hanyoyin da wani irin kitse, kamar yadda a ke zuba kwalta, domin saƙo ya riƙa wucewa da sauri. Abin da saurayi ya ke yi kullum, shi ne hanyar da za ta sami kwalta. In lissafin ciniki ne, ko ɗinki, ko karatu, ko gyaran inji, zai zauna masa. In caca ce ko ƙwaya, ita ma haka.

Aikin nan ba ya ƙarewa ko'ina lokaci ɗaya. Wurin da ya fi daɗewa shi ne gaban ƙwaƙwalwa, nan bayan goshi. Shi ne mai cewa, "Tsaya tukuna, in na yi wannan, me zai biyo baya?" Shi ne mai danne fushi, mai shirya abin gobe, mai auna riba da hasara. Ba ya nuna sosai sai mutum ya kai wajen shekara 25, waɗansu gyare-gyare ma su kan zarce haka.

Can tsakiyar ƙwaƙwalwa kuma akwai wurin sha'awa da jin daɗi da fushi da tsoro. Wannan tun farkon balaga ya ke tashi da ƙarfinsa. Daɗin sabon abu, daɗin yabo, daɗin gudu, duk sun fi ƙarfi a zuciyar ɗan shekara 15 bisa ga ta ɗan shekara 40. Doki ya ƙoshi ke nan, maƙeri kuwa bai gama ƙera linzami ba.

Kada ku ce wannan aibi ne kaɗai. Wannan zafin jini shi ke sa saurayi ya bar ɗakin uwarsa ya tafi cin rani, ya shiga garin da bai san kowa ba, ya koyi Zabarmanci ko Fulatanci ko Asantanci cikin 'yan watanni, ya tsaya a filin kokawa gaban wanda ya fi shi. Da kakanninmu fatake ba su da shi, da ba su kai Gwanja ba.

IDON ABOKAI

Wani zai ce, "Amma yaron nan yana da wayo. In na zauna da shi, ya san daidai, ya san kuskure." Gaskiya ne. Masana sun ga cewa ɗan shekara 16, in hankalinsa a kwance ya ke, yana iya auna magana kusan kamar babba. Matsalar tana zuwa sa'ad da jini ya hau, ko sa'ad da abokai suna kallo.

A shekarar 2005 waɗansu masana biyu a Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka yi wani gwaji. Suka sa mutane wasan tuƙin mota cikin kwamfuta. In fitila ta nuna alamar a tsaya, kana iya tsayawa, ko kuwa ka ci gaba don ka ƙara maki, amma kana iya yin karo ka rasa duka. Waɗansu suka yi wasan su kaɗai, waɗansu kuwa da sa'o'insu biyu a gefe. Manya, ko da abokai ko babu, tuƙinsu kusan ɗaya ne. Amma 'yan shekara 13 zuwa 16, da abokai suka zauna kusa, kasadarsu ta ninka. Daga baya aka sake irin gwajin ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, abokan ma suna wani ɗaki dabam. Aka ga sanin cewa ana kallonsa kaɗai ya isa ya zuga wurin jin daɗin nan na cikin kan saurayi.

To, kun ga ɗan mai yadi da babur. Da shi kaɗai ne a hanya, watakila da lafiya lau zai komo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, gama a duniya hatsarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da samari 'yan shekara 5 zuwa 29.

Hausawa sun riga sun faɗa, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Amma kanwar nan iri biyu ce. Fadar da ta koya wa wani shan ƙwaya, wata irinta ce ta haɗa kuɗi ta kai ɗan'uwansu asibiti, ta yi gayya ta share unguwa. Saurayi ba zai zauna ba abokai ba, kuma bai kamata ba. Wurinsu ya ke koyon riƙon amana da sasanta faɗa da tsayawa da ƙafarsa. Abin da ya rage ga uba shi ne ya san su waɗanne ne. Ka kira su gida su ci tuwo, ka san sunan iyayensu.

Ita kuma 'yar mai abinci da ta ce kowa yana kallonta, wani masani, David Elkind, ya bayyana wannan hali a shekarar 1967. Ya ce matashi ya kan ji kamar kullum yana tsakiyar dandali, jama'a sun kewaye shi. Ƙurji ɗaya a goshi, sai ta ga dukan kasuwa shi su ke kallo. Saboda haka kunyar da aka ba matashi gaban mutane ta fi bulala zafi, ta kuma fi daɗewa. Yau wayar hannu ta ƙara faɗin dandalin, gama yarinya tana gwada fuskarta da rigarta da na dubban mutanen da ba ta taɓa gani ba.

ZANCEN BARCI

Mu koma kan bugun ƙofa da safe. Akwai wani sinadari cikin jiki mai kawo barci in dare ya yi. Bayan balaga ya kan makara fitowa, har wajen awa ɗaya ko biyu. Saboda haka saurayi ba ya jin barci da wuri, ga shi kuwa jikinsa yana bukatar awa 8 zuwa 10 kowane dare. In ya ƙara da shayi mai kauri da hasken waya, ya kwanta ƙarfe ɗaya, aka tashe shi da asuba, rabin barcinsa kaɗai ya samu. Mai ƙarancin barci kuwa ga saurin fushi, ga mantuwa, ga kuskuren canji. Kafin ka ce malalaci ne, ƙidaya awoyin da ya kwanta. Maganin yana wajen dare: a rage shayi bayan magariba, a ajiye waya nesa da shimfiɗa.

"NI WANE NE?"

Yanzu mun zo kan gardama. Wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Jean Piaget, ya lura cewa daga wajen shekara 11 ko 12 yaro ya kan sami sabon irin tunani. Ƙaramin yaro yana tunanin abin da ya gani, ya taɓa. Matashi kuwa ya fara iya cewa, "Da a ce kaza ne fa?" Ya fara auna adalci da zalunci. Ya fara gane cewa babba ma ya kan faɗi abu ya aikata wani. In ka hana shi ƙarya, sa'an nan ya ji ka rantse wa mai saye a kan kuɗin da ba haka ka saro ba, ya riƙe. "Don me" ɗin nan da ke ba ka haushi, sabon ma'auni ne ya samu, yana gwada shi a kan kowane abu, har da kai.

Wani kuma, Erik Erikson, haifaffen Jamus ne, bai taɓa sanin mahaifinsa ba, har sunan da duniya ta san shi da shi ma shi ya zaɓa wa kansa da girmansa. A cikin littafinsa na shekarar 1950 ya kasa rayuwar mutum zango takwas, ya ce kowane zango da tambayarsa. Tambayar samartaka ita ce, "Ni wane ne, ina na dosa?" Ƙaramin yaro ɗan wane ne kawai. Saurayi kuwa yana so ya zama wane shi kansa. Shi ya sa yau ga sabon aski, gobe ga sabon laƙabi, jibi ya ce shi direba zai zama, gata ya ce makaranta. Kamar mai saye ne yana gwada huluna kafin ya biya.

Ga 'ya'yan zango tambayar ta fi nauyi. Yaron da aka haifa a Kumasi ko Yawunde yana Hausa a gida, yana wani harshe a kasuwa, yana Turanci ko Faransanci a makaranta. In ya je garin kakansa a ce masa baƙo, a inda aka haife shi ma a ce masa baƙo. Irin wannan yana bukatar wanda zai ba shi labarin asalinsa ba tare da ya zagi ƙasar da ya tashi ba, domin ya iya riƙe duka biyu.

Wanda aka bari ya yi tambaya, ya gwada, sa'an nan ya zaɓa, ya kan riƙe abin da ya zaɓa da ƙarfi. Sau da yawa ma sana'ar uban ya ke komowa, amma yanzu tasa ce. Wanda aka toshe wa baki kuwa ya kan bi da jiki, zuciya tana wani wuri.

Ga wani abin kwantar da rai. A shekarar 1904 wani Ba'amurke, Stanley Hall, ya rubuta cewa samartaka lokacin hadari da guguwa ne. Binciken da aka yi daga baya ya nuna ya zarce da magana. Yawancin matasa su kan ƙetare ba tare da sun ɓata da iyayensu ba. Faɗan da a ke yi, mafi yawa a kan tufafi ne da lokacin komowa gida da aikin gida. A manyan al'amura, galibi ba su yin nisa da abin da suka tashi a kai.

BAYAN SHEKARA 18

Doka a ƙasashe da yawa ta ce ɗan shekara 18 babba ne. Amma mun ji cewa linzami bai gama ƙeruwa ba. A shekarar 2000 wani masani, Jeffrey Arnett, ya ce shekarun 18 zuwa 25 wani zango ne na kansa, mutum ya fita ƙuruciya, bai kuwa zauna daram cikin girma ba. Ƙasashe masu arziki ya duba, inda a kan daɗe ana karatu kafin aure. A wajenmu abin ya rabu biyu. Wata tana shekara 19 da goyo biyu, nauyin manya ya hau kanta tun ba ta gama tambayar ko ita wace ce ba. Wani kuma yana shekara 28, ba jari, ba aiki, ba halin aure, har yanzu "yaro" a ke ce masa. Zaman jiran nan yana cin zuciya. Yawancin masu daɗewa a fada ba son zama su ke yi ba.

Erikson ya ce tambayar wannan zango ita ce ko mutum zai iya haɗa ransa da wani, ya amince, a amince masa, ko kuwa zai zauna shi kaɗai ko da yana cikin taro. Aure yana ciki, abota ta gaskiya tana ciki, haɗa jari da wani ma yana ciki. Wanda bai san kansa ba tukuna, da wuya ya iya ba da kansa. Labari mai daɗi shi ne, cikin shekarun nan yawancin mutane su kan ƙara natsuwa da riƙon alkawari, musamman in sun sami aikin da a ke dogara gare su.

IN ABIN YA ZAMA CIWO

Fushin yini ɗaya da kukan dare ɗaya ba ciwo ba ne. Amma akwai ciwo na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar tunani, kamar baƙin ciki mai tsanani ko fargaba. Wajen rabin irin waɗannan lalurori su kan fara ne kafin a wuce shekara 14.

Ga alamun da za ku lura da su. Matashi ya yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin kome, har abin da ya saba so. Ya daina ci, ko barci ya gagare shi. Ya janye daga abokansa, ba daga iyaye kaɗai ba. Ya riƙa jin muryoyin da ba wanda ke ji. Ya ce shi ba shi da amfani, ko ya ce gara ya mutu. Maganar mutuwa a bakin matashi, kada a taɓa ɗaukarta wasa. A zauna da shi, a tambaye shi a fili, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti. Tambaya ba ta sa masa tunanin, sauƙi ta ke kawowa. Ɗaure shi da mari ko duka ba ya warkar da kome. Ciwon nan yana da magani.

Haka kuma ƙwaya. Mai tura kura ko ɗan kabu-kabu ya kan fara shan tramol don ya jure aiki, daga nan ta kama shi. A shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, saboda yadda matasa suka afka masa. Wanda ya fara tun yana ƙarami ya fi saurin kamuwa, gama kwaltar ba ta bushe ba. Ku masu sayar da magani a tebur, ku tuna mai sayen nan ɗan wani ne.

AIKIN IYAYE DA IYAYEN GIDA

Cikin shekarun 1960 wata masaniya, Diana Baumrind, ta duba yadda iyaye ke riƙon 'ya'ya, ta ga iri uku. Akwai mai tsanani, maganarsa ɗaya, ba tambaya. Akwai mai sake, kome yaro ya so ya yi. Akwai kuma mai ƙauna da doka tare, yana kafa iyaka, yana faɗin dalili, yana kuma sauraro. Binciken da ya biyo baya ya nuna 'ya'yan na ukun nan su suka fi dacewa, a karatu da hali da kwanciyar rai.

Ku 'yan kasuwa kun riga kun san wannan hanya. Maigidan kirki ba ya ba sabon yaro makullin shago ran da ya zo, ba ya kuwa riƙe shi yana shara shekara goma. Ya fara aikensa da ƙaramin kuɗi. In ya cika, ya bar masa rumfa na awa guda. Daga nan ya tura shi saro kaya. A ƙarshe ya ba shi jari ya sallame shi. Haka a ke yi wa ɗa. A riƙa sassauta igiya gwargwadon amanar da ya nuna. Kakanninmu ma da suka naɗa sarkin samari, suka ba matasa noman gayya da gyaran hanya, aiki na gaske suka ɗora wa zafin jinin nan.

In za ka yi faɗa, kada ka yi gaban masu saye ko gaban abokansa. Kada kuma ka yi sa'ad da ku duka biyu kuna huci, gama a lokacin nan bayan goshinsa a rufe ya ke. Ka bari a rufe kasuwa, a ci abinci. Ka soki abin da ya yi, kada ka ce masa ɗan banza, gama mai neman sanin ko shi wane ne ya kan karɓi sunan da ubansa ya ba shi. Yawan duka yana koya wa saurayi ɓoyewa. In kunya ta hana ka wata magana da ɗan fari, ka sa kawunsa ko baffansa. Matashi yana bukatar ko da babba guda ɗaya wanda zai iya gaya wa laifinsa ba tare da tsoro ba.

Ku kuma samari da 'yan mata, ga taku. Abin da ku ke ji ba hauka ba ne, kowane dattijo ya bi ta nan. Amma sanin cewa linzami bai gama ƙeruwa ba, ba hujja ba ce ta sakin doki cikin kasuwa. In babban al'amari ya taso, barin gida ne, ko aure, ko ramuwa, ku kwana a kansa. Kada ku yanke shi gaban abokai. Ku nemi babba ku ji ta bakinsa, gama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba.

Mai yadin nan fa? A ce maƙwabcinsa na rumfa, wani tsoho mai sayar da hula, ya ji shi yana zancen kora. Ya ce, "Malam, na san ka tun kana shekara 15. Wa ya sato dokin baffansa ya kai shi sukuwa?" Mai yadi ya yi shiru. Da dare bayan tuwo ya kira yaron. Ya ce, "Ga guntayen yadi, ga tebur a bakin rumfa. Naka ne, riba da hasara. Kowace Jumma'a za mu yi lissafi. Babur kuwa, ba ka ƙara hawa sai da hular kwano, ba kuma tsere. Na ga gawar ɗan mutane a hanyar nan, ba na so in ga taka." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce, "To, Baba." Zai makara wata rana, zai yi hasara wani mako. Amma yana bakin rumfar ubansa, inda ido ke ganinsa.

Jama'a, nan za mu dakata. Wanda ya karanta takardar nan, ya miƙa wa maƙwabcinsa, wanda bai iya karatu ba a karanta masa. Allah ya ba da kasuwa, ya raya mana zuriya. Sai wani mako.